Littafi na Goma Sha Uku

Ina ɗan shekara goma sha uku yayana ya ɗora mini littafin kaboyi na farko a hannu. A 1979 ne, a Gusau, cikin ɗakin da yake haya kusa da tashar jirgin ƙasa. Shi yana aiki a masaƙa, ni kuma mahaifinmu ya turo ni daga ƙauye in zauna wurinsa in ci gaba da karatu. Littafin ya sha hannu, bangonsa ya yage an liƙe shi da ƙaro, takardunsa sun yi ja. A jikin bangon akwai wani mutum a kan doki, ya karkata malafa, bayansa jan dutse da sarari fetal. Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba. Da na faɗa wa Yaya haka sai ya ce, "Karanta kawai. Inda ka kasa ka tsallake, dokin zai kai ka."

Kafin nan mun san kaboyi a silima, inda yara ke ihu in akta ya zaro bindiga, ana tafi in an harbo Indiyan daji daga kan doki. Littafin kuwa daban yake. Jerin labarai ne na mutum ɗaya, kowane littafi da lambarsa a ƙeya, kuma mutumin nan ba shi da gaggawar kisa. Idan ya isa mashaya sai dokinsa ya sha kafin shi. Ba ya harbin wanda ya juya masa baya. Idan zai kama mai laifi yakan kira sunansa da ƙarfi, ya ba shi damar ajiye makami. In kuwa abin ya zama dole ya kashe, ba ya tafiya sai ya haƙa rami, ya binne gawar, ya jera duwatsu a kai saboda namun daji, ya cire malafarsa ya ɗan tsaya. Wannan tsayuwar ita ce ta fi kama Yaya. Yakan ajiye littafin a kan ƙirji, ya ce da ni, "Ka ga namiji. Abokin gabarsa ne fa, amma bai bar shi ga ungulu ba."

Shekara tara muka yi muna tara su. Wasu Yaya ya sayo a Kano wajen masu baje tsofaffin littattafai a ƙasa ta wajen Sabon Gari, ɗaya wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya ba mu, biyu kuma wani ɗan bautar ƙasa ya bar mini da zai koma garinsu. Goma sha biyu muka haɗa. Da su na koyi Turancin da na ci jarrabawar kwalejin horon malamai, da su kuma muka yi zaman makokin mahaifinmu, don bayan an watse da dare Yaya yakan ce in karanta masa babi ɗaya a bayyane har barci ya ɗauke shi. Kuma abin bai tsaya a takarda ba. Na taɓa ganin Yaya da idona a kasuwa ya tsaya a kan wani yaro da aka kama da satar kaza, jama'a sun taso da sanduna, ya buɗe hannuwa yana cewa duk mai son dukansa ya fara da shi. Ya sha sanda biyu a kafaɗa kafin dattawa su iso. Ba na cewa littafi ne ya koya masa wannan. Halin mahaifiyarmu ne. Amma a littafin nan ya ga halinsa, shi ya sa ya so shi.

A shafin ƙarshe na na goma sha biyu an jera sunayen littattafan duka, kuma a can ƙasa akwai ɗaya da ba mu da shi. Na goma sha uku. Mun neme shi a Kano, a Kaduna, a Zariya, har Yaya ya taɓa ba wani direban Legas sallahu. Shiru. Ni na zama malamin makaranta, na yi aure. Aiki ya ja baya a masaƙa, Yaya ya koma cinikin hatsi a kasuwannin ƙauye. Amma duk sanda ɗayanmu ya dawo daga tafiya, bayan an gaisa, ɗayan sai ya ce, "An samu?" A amsa, "Ba a samu ba." Fiye da shekara talatin muna wannan, har 'ya'yanmu suka haddace sunan littafin da ba su taɓa gani ba.

Bayan Babbar Sallar 2021 da 'yan kwanaki muka je ƙauye gaida gwaggonmu. Ranar kasuwa ce, Yaya ya sayi buhunan masara, muka shigo motar haya da la'asar sakaliya. Damina ta yi kyau, gero ya wuce ƙugu. Yana gefena yana yi mini lissafin tsadar taki. 'Yan bindigar ba su tsayar da mu ba, ba su tambayi kowa komai ba. Harbi kawai muka ji daga cikin gona, direba ya yi salati, mota ta faɗa kwalbati. Maganar Yaya ta yanke a tsakiya, kansa ya faɗo a kafaɗata. Harsashi ya karya mini ƙashin cinya. Yadda na fita daga motar nan na ja ciki cikin gero, Allah kaɗai ya sani. A nan na kwana ina jin ƙarar babura tana nisa, sauro yana cina, ina tsoron ko nishi in yi.

Mutum bakwai suka rasu. Da hantsi aka binne su, ni ina kan gadon asibiti ana neman jini. Ban wanke Yaya ba, ban sallace shi ba, ban zuba masa ko tafin ƙasa ɗaya ba. Washegari na ji labarin a rediyon wani majinyaci: an kashe wasu matafiya bakwai a kan hanya kaza. Jimla ɗaya, aka wuce zuwa labarin wasanni. Shekara sittin da uku na Yaya, da 'ya'yansa tara, da sandunan da ya sha saboda yaron mutane, duk sun shige cikin kalmar "bakwai".

Mako shida na yi a asibiti, aka sa mini ƙarfe a ƙafa aka sallame ni. Dawowata gida ta zo daidai da lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, farkon watan Satumba, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Gari ya yi tsit. Ba kira, ba saƙo, wanda yake son magana da nasa sai ya fita jihar. Ina kwance a ɗaki, rufi kawai nake kallo, kuma abin da ke zuciyata ba zan ɓoye shi ba, tunda don shi nake wannan rubutu. Ba haƙuri ba ne. Mutane suna shigowa suna cewa Allah ya ba da haƙuri, ina amsawa da amin, amma da sun fita sai in koma ƙirga yadda zan so in ga waɗanda suka yi mana haka. Ina sallah a zaune, ina karanta Alƙur'ani, amma kunnena a toshe yake.

Wani dare bayan isha'i babban ɗan Yaya ya shigo da wasu mutum biyu daga ƙauyenmu. Yaron shekararsa ashirin da biyu, ya rame, idonsa ya faɗa. Suka ce akwai wata ruga bayan dutse, ba nisa da inda aka tare mu. Suka ce akwai infoma a cikinta, kuma ko ba su suka harba ba, sun san wanda ya harba. 'Yan sa-kai sun shirya, abin da ya rage kuɗin bindigogi ƙirar gida da harsashi da man babura. Naira dubu ɗari biyu suke nema a wajena. Na san rugar nan. Shanun Yaya uku suna can wajen wani dattijo da ya shekara goma sha biyar yana yi masa kiwo, kuma jikansa, wani ɗan siririn yaro, shi ke kawo wa gwaggonmu nono. Duk na san wannan, kuma na ce to. Ina da kuɗin adashin malamai da na kwasa don magani. Na ce su dawo ranar Juma'a da dare su karɓa. Suka ce da asubar Asabar za a shiga.

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Daren nan na yi barcin da ban yi ba tun ranar da aka harbe mu. Wannan ya fi komai ba ni tsoro yanzu idan na tuna.

Ranar Laraba wani yaron tasha ya yi sallama da ƙunshi a baƙar leda. Daga 'yata ne da ke karatu a Zariya. Ta je Kano wajen ƙawarta, ta ga tulin tsofaffin littattafai a bakin titi, ta tsuguna tana tonawa, sai ga sunan da take ji tun tana goye. Da yake ba waya, sai ta ba direba. Na buɗe ledar na ga malafar nan da dokin nan da lamba 13 a ƙeya. A ciki ta sa 'yar takarda: "Baba, an samu." Na kifa littafin a fuskata na yi kukan da ban yi ba a asibiti. Mai ɗakina ta shigo da gudu ta ɗauka ƙafar ce.

Da daddare na kunna fitila na fara. Na ƙudura a raina ni da Yaya za mu karanta shi, in yi a bayyane kamar da. Tun babi na biyu na ji hannun ba ɗaya ba ne. Jarumin yana magana da gatse, yana zagin dokinsa, abin da bai taɓa yi ba. Amma na ci gaba. A labarin an kashe tsohon amininsa da iyalinsa, aka ce masa makasan sun fake a wani sansanin Indiyawan daji a bakin kogi. Ya ɗaura sirdi ya kama hanya cikin dare. Ina karanta wannan tafiyar zuciyata tana bugawa, ina ce masa a raina: je ka, kada ka bar ko ɗaya. Ban taɓa jin kusanci da shi kamar a shafukan nan ba.

Ya isa da asuba. A littattafai goma sha biyu, nan ne zai tsaya a fili ya kira sunan wanda yake nema. A wannan bai kira kowa ba. Wani yaro ya sauko kogi ɗiban ruwa, da shi ya fara, kuma da wuƙa, don kada a ji ƙara. Marubucin ya ɓata shafi ɗaya da rabi a kan wannan kaɗai, yana bayyana komai dalla-dalla kamar mai ba da labarin walima. Daga nan aka shiga bukkoki. Tsofaffi, mata, wanda ya fito da gudu, wanda ya ɗaga hannu. Babi uku ana abu ɗaya. Can wajen ƙarshe, a layi ɗaya tak, aka ce ashe waɗanda yake nema sun bar sansanin kwana biyu da suka wuce. Jarumin ya ɗaga kafaɗa, ya yi wata maganar ban dariya, ya hau doki. Bai haƙa rami ba. Bai cire malafa ba.

Na yi jifa da littafin ya bugi bango. Abin da na fara ji takaici ne irin na mai karatu, kuma ba ƙarami ba ne. Kamar ka shekara arba'in kana girmama wani dattijo, ka yi doguwar tafiya don ka gaishe shi, ka tarar da shi yana tattaka yaro yana dariya. Wannan ne muka nema a garuruwa huɗu? Wannan ne Yaya ya mutu yana tambaya ko an samu? Na gode wa Allah da bai karanta shi ba. Na ji an ci amanata, an ɗauki mutumin da na sani an sa masa zuciyar wani, don kawai jini ya fi sayuwa. Da ma labarin ya nuna abin a matsayin faɗuwar jarumi, ya dawo yana nadama, da na karɓa, don mutum yakan faɗi. Amma an rubuta shi ne don in ji daɗi. An ɗauka ni mai karatu abin da nake so ke nan.

Can tsakar dare, fitila a kashe, abu na biyu ya zo mini. An ɗauka abin da nake so ke nan, kuma ba a yi kuskure ba. Ni ne nake ce masa kada ya bar ko ɗaya. Kuɗin suna ƙarƙashin matashin da kaina yake kai. Su ma asuba suka ce. Kuma a rugar nan wa zai fara fitowa da asuba in ba yaron da ke kwance maruƙa ba, mai kawo wa gwaggo nono? Na ga fuskarsa sarai, har da tabon da ke goshinsa. Cikina ya juya, na jawo kwanon da ke gefen gado na yi amai.

Mai ɗakina ta tashi ta riƙe ni. Ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce ba lafiya ba. Na fara gaya mata, ta ce ba sai na faɗa ba, ta ji komai ta taga daren da suka zo, kuma tun ranar ba ta runtsa ba. Na ce me ya hana ta magana? Ta ce, "Na ga idonka ne, Malam. Ba idon da ake yi wa magana ba ne. Addu'a kawai na yi ta yi." Sai ta ƙara da cewa, "Shekara talatin kana karantar da 'ya'yan mutane. Wannan yaron da a ajinka yake fa?" Ayar da ke cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani na san ta tun ina makarantar allo. Na san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe mata da yara ko a fagen yaƙi. Na san ƙisasi a hannun hukuma yake, kuma a kan wanda ya yi kisan ne. Duk suna cikin kaina tsawon makonnin nan, ba su sami ƙofar shiga zuciyata ba sai a daren.

Da gari ya waye na sa aka miƙo mini littafin, na ɗauki fensir na bi babi ukun nan ina ƙirgawa. Mutum talatin da huɗu. Biyar ne kawai marubucin ya ba suna. Sauran "wani", "wata tsohuwa", "biyu daga cikinsu". Daidai yadda rediyo ya yi wa Yaya.

Ranar Juma'a ɗan Yaya ya zo shi kaɗai. Na ce ya zauna, na ce ba zan ba da kuɗin ba, kuma ban yarda ya je ba. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Baffa, a kafaɗarka fa ya cika." Na ce na sani. Ya ce, "Da kai aka kashe, wallahi Baba ba zai zauna ba." Wannan maganar har yau tana sukana. Na ce masa gaskiya ne ba zai zauna ba, zai bi duk ƙofar da ake bi, zai nemi wanda ya yi harbin da sunansa, amma ba zai shiga bukkar mutane da asuba ba. Na ba shi labarin yaron kaza, wanda bai taɓa ji ba. Ya ce wancan zamani daban ne. Idonsa ya kai kan littafin da ke gefena, ya ce, "Littafin Turawa ne ya sanyaya maka jiki?" Ban iya ba shi amsa ba. Ya tashi ya fita ba sallama.

Na san zai iya samun kuɗi a wani wuri, don haka na aiki mai ɗakina wajen mahaifiyarsa, tana cikin takaba. Ita ce ta kira shi ta ce in ya taka rugar nan ba ta yafe masa nononta ba. Bai je ba. Ya san ni na kai maganar, kuma wata goma sha huɗu bai tako gidana ba, ko a masallaci muka haɗu sai ya sauya sahu.

Kada wani ya ɗauka ina zargin mutanen da suke kwana a bakin gari da 'yar bindigar toka suna tsaron iyalinsu. Na san ƙauyukan da ba don su ba da yanzu kufai ne. Na san abin da ake ji idan an kira taimako ba a zo ba. Daga baya ma na ba da gudummawar fitilu da takalman ruwa ga masu sintirin ƙauyenmu, kuma zan sake bayarwa. Tsaron gari abu ne, zuwa inda mutane ke barci a kashe wanda aka samu abu ne daban. Mutanen rugar sun tashi kafin kaka, da shanun Yaya a cikin garkensu. Mai yiwuwa akwai infoma a cikinsu, mai yiwuwa babu. Yaron nan dai shekararsa ba ta fi goma sha ɗaya ba.

Da aka dawo da layin waya ƙafata ba ta fara taka ƙasa ba, sai na shiga neman sanin ainihin ƙasar da na shekara arba'in ina yawo a cikinta a takarda. 'Yata ta riƙa turo mini abin karantawa. Na tarar kaboyi na gaskiya makiyayi ne ɗan ƙwadago. Bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, mutum goma ko goma sha biyu sukan koro shanu dubu biyu ko uku daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilene, tafiyar wata biyu zuwa uku cikin ƙura, kuma da yawansu baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko, waɗanda ban taɓa gani a bangon littafi ba. Shekara ashirin kawai harkar ta yi tana tashe, waya mai ƙaya ta zo manoma da masu filaye suka toshe burtali. Faɗan da ya fi kowanne suna a tarihinsu, wanda aka yi a garin Tombstone a 1881, bai wuce kamar sakan talatin ba, mutum uku suka mutu, kuma garin yana da dokar hana yawo da makami. A Wyoming kuwa, a 1892, manyan masu shanu suka yi hayar 'yan bindiga daga Teksas, suka rubuta sunayen ƙananan makiyayan da suke zargi da satar shanu, suka fita kashe su. Ba wanda aka hukunta a cikinsu. Ina karanta wannan ina jin kamar labarin wani yanki ne na kusa da mu.

Na kuma gane abin da ya sami jarumina. Bayan finafinan kaboyi na Italiya sun yi kasuwa a shekarun 1960, masu buga littattafai suka ga jini yana ja, sai a shekarun 1970 aka cika kasuwa da jerin labarai masu tsananin kisa. Wasu marubutan ma 'yan Ingila ne da suke rubutu da sunayen aro, da yawansu ba su taɓa taka yammacin Amurka ba. Kuma al'ada ce a wannan sana'a kamfani ya riƙe suna ɗaya, marubuta daban-daban su yi ta rubutu a ƙarƙashinsa. Na duba shekarar bugu a littafina, ta faɗa daidai wannan lokaci.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne na Sand Creek, a Kolorado. Ranar 29 ga Nuwamba, 1864, da asuba, wani Kanar mai suna John Chivington, wanda kuma mai wa'azin coci ne, ya jagoranci sojoji kusan ɗari bakwai suka afka wa sansanin Indiyawan daji na ƙabilun Cheyenne da Arapaho a bakin rafi. Wani shugaban Cheyenne, Black Kettle, ya ɗaga tutar Amurka da farar tuta don a san su masu zaman lafiya ne. Aka kashe fiye da mutum 150, akasarinsu mata da yara da tsofaffi. Ashe abin da aka rubuta mini a matsayin nishaɗi ya taɓa faruwa da mutane masu suna da iyaye. A cikin sojojin akwai wani Kyaftin Silas Soule da ya ƙi ba mutanensa umarnin harbi. Ya tsaya yana kallo, daga baya ya rubuta abin da ya gani, ya ba da shaida a gaban masu bincike. A watan Afrilun 1865 aka harbe shi a titin Denver, yana ɗan shekara 26, bai daɗe da aure ba. Chivington kuwa ba a taɓa hukunta shi ba. Na daɗe ina tunanin saurayin nan, yadda abokan aikinsa suka riƙa kallonsa a safiyar, da irin sunan da suka kira shi. A duk littattafan kaboyin da na karanta ban gamu da mai ƙarfin zuciyarsa ba, kuma shi bai harba ko sau ɗaya ba. Da Yaya yana nan, da shi zan fara ba labarinsa.

Yanzu ina tafiya da sanda, ƙafar ta gajarce kaɗan. Na koma aji. Ɗan Yaya ya dawo gaishe ni ranar da aka haifa masa ɗa, ya ce in yi masa huɗuba da sunan mahaifinsa. Ba mu taɓa tayar da maganar daren Juma'ar nan ba, kuma na lura har yanzu ba ya daɗewa idan ya zo. Har gobe akwai daren da nake farkawa da fushin nan ɗanye, sai in tashi in yi alwala in zauna har a kira sallah.

Littattafai goma sha biyun suna cikin akwatin ƙarfen Yaya, matarsa ta ce in ɗauka. Na goma sha ukun ban haɗa shi da su ba, ban kuma ƙona shi ba, ko da yake na yi niyya. A bayansa akwai shafi biyu farare. Da na fara iya fita, na shiga bin sunayen waɗanda suka rasu tare da Yaya a motar nan, ina rubutawa a wurin, kowa da sunan mahaifinsa da garinsu da abin da ya fito yi ranar. Direban ya bar mata biyu. Akwai mai sayar da barkono, akwai ɗalibin da zai koma makaranta, akwai wata mata da ƙanwarta da suka je barka. Shida na samu har da Yaya. Na bakwai wani dattijo ne da ya tsayar da mu a hanya, riƙe da buta da 'yar jaka, ya zauna a baya bai yi magana da kowa ba. Duk ranar kasuwa idan na sami mai kai ni tasha, nakan zauna wajen 'yan kamasho in sake kwatanta musu shi.